Kyandir da Rana a Gidan Ndanusa

Gidan Alhaji Ndanusa yana Shango, bayan layin masu walda. Gida ne irin na da, tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, rijiya a ƙarshe. Shi Banufe ne mutumin Bida, mahaifiyarsa 'yar Lapai, kuma a kan sayar da shinkafa da wake a Kasuwar Kure ya tsufa. Tun da matarsa Rahmatu ta rasu, tuwonsa ya koma hannun surukarsa Jummai, matar ɗansa Zikrullahi, wanda ke gyaran firji a Abuja, sai ya daɗe bai leƙo gida ba. Jummai Bahaushiya ce 'yar Kontagora. Ba Ndanusa ne ya zaɓo ta ba, amma bai taɓa kama ta da laifin da ya wuce yawan gishiri a miya ba.

Ɗakin da ke kusa da rijiya na haya ne. Liyatu ke ciki, wadda kowa ke kira Maman Testimony, mutuniyar Zonkwa, tsohuwar malamar firamare. Ita da mijinta John, ma'aikacin jirgin ƙasa, suka kama ɗakin tun Ndanusa bai san furfura ba. A nan ta haifi 'yarta, daga nan aka fita da gawar mijin. 'Yar ta yi aure a Garatu, ɗaki ɗaya suke ciki da miji da yara. Ban da wannan ɗaki na Shango, Liyatu ba ta da inda za ta kira nata a duniya.

Wata rana gwiwa ta matsa wa Ndanusa, ya rufe rumfa bayan azahar ya dawo gida, lokacin da ba a saba ganinsa ba. Ya tarar da tsakar gida shiru, ƙofar Liyatu a rufe, takalman Jummai a bakin ƙofar. Zai wuce ya ɗebi ruwan alwala, sai idonsa ya faɗa ta gefen labulen taga.

Akwai wuta a ranar, fanka ma a kashe take da gangan, amma ga kyandir a kunne a tsakar ɗaki da rana tsaka. Jummai na zaune a tabarma, ta kai bakinta kusa da harshen wutar, tana furta wani abu gajere tana maimaitawa, wutar na rawa. Liyatu na tsaye a kanta riƙe da farin gashin zakara.

"Sake," in ji Liyatu. "Ki rufe leɓe gam, ki riƙe, sannan ki sake shi. Sake."

Aka ajiye kyandir, aka kawo gashin gaban bakin Jummai, ta hura masa magana. Daga nan aka ɗauko madubi. Ndanusa da idonsa ya ga matar ɗansa ta zaro harshe tsakanin haƙora tana kallon kanta, sannan tsohuwar ta kama hannun yarinyar ta ɗora a maƙogwaronta. Ya ja da baya a hankali, ya manta da butar, ya shige ɗakinsa.

Da la'asar ya same mu a bencin ƙofar masallaci. Ni da ke ba ku labarin nan ina wurin, da Yisa mai goro, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ba ya raga masa.

"Yisa," in ji Ndanusa, "me ake yi da kyandir da rana?"

"Ana neman allurar da ta faɗa ƙarƙashin gado."

"Da gashin farin zakara fa? Da madubi?"

Yisa ya daina tauna goro. Ndanusa ya kwashe abin da ya gani ya faɗa mana, yana rage murya kamar bangon masallaci zai kai rahoto. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce an karanta magana an tofa a kan wani abu. Mu ma haka muke yi wa ruwa da addu'a, marasa tsoron Allah kuma haka suke yi da nasu. Babu wanda ya yi dariya.

"Zato zunubi ne, Nda, ko da ya zama gaskiya," na ce masa.

"Wannan ba zato ba ne, gani ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ku dubi Zikrullahi. Yaron da in na ce zauna ba ya tambayar ina tabarma, yanzu in na kira shi a waya na ce zan sa a gyara ɗakin baya, sai ya ce, Baba bari in ji ta bakin Jummai. Ta bakin Jummai. Tun yaushe aka fara jin ta bakin Jummai a gidana?"

"Tun ranar da ka biya sadakinta," in ji Yisa.

"Kai komai wasa ne a wurinka. Mallaka ake yi wa ɗana, a cikin gidana, da rijiyata ake wanke hannu."

Daga ranar ya sa ido. Wanda kuwa ya fita neman maciji, ko igiyar guga ya gani sai ya ɗaga sanda. Ya lura Jummai na shiga ɗakin ne kawai in ya tafi kasuwa. Ya lura in ya yi sallama sai a yi tsit. Abin da ya ƙarasa shi, wata safiya ya hango ta a madafa, tana juya kunun da za ta kawo masa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da gashin nan a gaban bakinta, leɓenta na motsi. Da ta kawo kunun ta durƙusa ta ajiye, ya ce cikinsa ba daɗi. Da rana ya ce ya ci a kasuwa. Da yamma ya ce azumin nafila zai tashi da shi, ba ya son nauyi. Ya koma burodi da shayin mai shayi, mutumin da likita ya hana shi sukari. Kwanukan Jummai suka riƙa komawa yadda suka zo, ita kuwa kunya ta hana ta tambaya, sai dai ta koma ɗaki da jan ido.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, mutane cike da ƙofar masallaci, Yisa ya tsokane shi ya ce ya rame kamar kazar da aka yi wa alkawarin Sallah. Ndanusa ya harzuƙa. Ya ɗaga yatsa sama a gaban kowa ya ce, "Wallahi tallahi, matar nan mai haya ba za ta ga sabon wata a gidana ba."

Liman yana naɗe darduma, ya juyo ya dube shi. Magana zarar bunu ce. Ta fita.

Da yammar ya tsaya a ƙofar Liyatu, bai shiga ba.

"Maman Testimony, ɗakin nan nake so. Zan zuba hatsi. Ki nemi wuri kafin wata ya tsaya."

Tana tsince wake a faranti. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba Nda, na taɓa riƙe maka kuɗin haya?"

"Ba ki taɓa ba."

"Na yi faɗa da wani a gidan?"

"Hatsi na ce miki."

"Hatsi kusa da rijiya?"

Ya juya ya tafi. Ita kuwa ta zauna da farantin a cinya har aka kira magariba.

Shango ba ta riƙe sirri. Kafin kwana biyu matan layi sun daina aiko mata yara karatun yamma, mai kayan miya ta fara miƙo mata canji da 'yan yatsu biyu. A bakin wannan mai kayan miyar ta ji sunan da aka sa mata. Ba ta yi kuka a wurin ba, ta dai ajiye tumatirin da ta zaɓa ta koma gida.

Muna zaune a benci bayan la'asar sai ga ta tafe, ta ɗaura kallabin zuwa coci, tana ɗauke da tire a rufe da ƙyalle. Jummai na biye da ita cikin hijabi, kai a sunkuye, ta tsaya can nesa jikin bango. Liyatu ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye tiren a ƙasa ta yaye ƙyallen. Kyandir, ashana, madubi mai jan baki, da farin gashin zakara. Wani dattijo ya ɗage ƙafafunsa sama. Ndanusa ya fara karanta Falaƙi a fili.

"Ka ƙarasa, Baba Nda, zan jira," in ji ta. "An ce ni bokanya ce. To ga kayan aikina na kawo gaban liman. In tsafi ne, ku ƙone su, ni kuma in tafi yau, ba sai wata ya tsaya ba."

Liman ya ce, "Malama, zauna ki yi mana bayani."

Ba ta zauna ba. Ta ɗauki gashin.

"Turanci nake koya wa Jummai. Karatu tana da shi kaɗan, ta yi firamare, kalmomi kuma tana kama su da wuri. Bakinta ne ya ƙi. Akwai harafin da Bahaushe ba shi da shi. Barkono a Turanci pepper ne, takarda paper, mutane people. Ita kuwa duk da fa take fara su. Na faɗa, na maimaita, kunnenta bai ji bambanci ba, ta ce ai abin da na ce shi take cewa. To abin da kunne ya kasa ji, sai a nuna wa ido. In ka faɗi harafin daidai, iska a dunƙule take fita, gashin zai zabura sau ɗaya. In ka faɗe shi da fa, sai ya kwanta yana karkarwa. Kyandir ma haka. Da shi aka koya mana a kwalejin horon malamai, da shi na koya wa yara har na yi ritaya."

"Madubin fa?" in ji Yisa.

"Na godiya ne. Thank you. Ba a faɗinsa sai harshe ya leƙo tsakanin haƙora. Mutum ba ya ganin bakinsa, sai da madubi. Hannu a wuya kuma don ta ji inda murya ke kaɗawa in za ta ce five, wato biyar."

Ndanusa ya ce, "Baki shi ke yanka wuya, shi ke kuma ɗinke shi. Kowa ya iya tsara magana in an kama shi."

"Gaskiya ne. Baba Nda, ina garin mahaifiyarka?"

"Me ya haɗa ki da mahaifiyata?"

"Sunan garin kawai."

Ta miƙa gashin gaban bakinsa. Ya kauce. Yisa ya ce, "Haba Nda, kai da ka yi Falaƙi da Nasi, gashin kaza zai kore ka?" Mutane sun fara taruwa, masu walda sun kashe injinsu. Ndanusa ya yi bisimilla, ya daure fuska ya ce, "Lapai."

Gashin ya yi tsalle ya dawo.

Liyatu ta yafito Jummai. Ta matso kamar mai taka ƙaya, ta durƙusa. Aka sa mata gashin. Da muryar da ba ta fi ta sauro ba ta ce, "Lafai." Gashin ya kwanta yana rawa.

"Kullum haka take ɓata mini sunan garin uwata," in ji Ndanusa, bai san ya faɗa ba.

"Rufe leɓe, 'yata. Riƙe. Sake shi."

Jummai ta rufe ido, ta faɗa. Gashin ya zabura. Wani daga cikin masu walda ya tafa, liman ya harare shi ya bari.

Mun ɗauka magana ta ƙare. Amma Ndanusa ya ƙura wa gashin ido yana ja da baya a kan benci.

"Me ya sa ya amsa mini nan take? Ita ta yi wata da watanni, ni sau ɗaya?"

"Don kai Banufe ne. Harafin yana cikin yarenku, a nono ka sha shi."

"Uhm," in ji shi. "To in abin arziki ne, me ya sa ake rufe ƙofa? Me ya sa sai ba na nan?"

"Matar aure ta zauna a tsakar gidan surukinta tana zaro harshe kamar ƙadangare? Kai za ka so ka gani?"

"Da kunu na fa? A kan kununa na gan ta tana yi."

Jummai ta rufe fuska da hijabi. Daga ciki ta ce, "Baba, bita nake yi. Malama ta ce in riƙa yi ko ina aiki. Ka yafe ni."

Ndanusa ya murza gwiwa. Tsohon ɗan kasuwa ne, ya san in an cika mudu da sauri akwai abin da ke ƙasa.

"Saura tambaya ɗaya. A Shango da wa za ki yi Turanci? Da rijiya? Mai kayan miya Hausa take ji, ni Hausa nake ji. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Nan Liyatu ta sunkuya tana tattara kayanta a tire. "Wannan amsar ba tawa ba ce," in ji ta.

Jummai ta ɗago kai. "Baba, ɗanka ne ya ce kada in faɗa, zai zo ya gaya maka da bakinsa. Ya kama shago a Kubwa, na kayan masarufi. Ni zan zauna a ciki. Masu sayen can kowane yare akwai, da Turanci ake ciniki. Da na je Abuja bikin suna a gidan abokin aikinsa, na yi magana matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce ba zan koma a sake yi mini ba."

"Za ki koma Abuja ke nan."

"Bayan Sallah, in ka yarda."

Ba wanda ya tafa wannan karon. Ndanusa ya tashi, ya ɗauki sandarsa. Ya dubi Yisa ya ce, "Da asiri ne, na san malamin da zai karya shi." Ya shige gida.

A ranar ya kira ɗansa, ana jin faɗansa har layi. Zikrullahi ya ba shi haƙuri, ya ce ya gaji da cin abincin titi da kwana shi kaɗai kamar gwauro, kuma ba wanda ya sa shi. Ndanusa bai yarda ba wanda ya sa shi ba. Washegari a benci ya ce mana, "Na ji, ba tsafi ba ne. Amma wa ya buɗe wa yarinyar ido? Ba mai koya mata ba? Ko ba boka, ai ita ta ba ta ƙafar tafiya."

Liman ya ce, "Alhaji, ka zalunci baiwar Allah nan, ka ɓata mata suna a unguwa. Rantsuwar da aka yi a kan zalunci ba a cika ta. Ka karya, ka yi kaffara, ka ciyar da miskinai goma. Shinkafa ce sana'arka."

"Ni in rantse a gaban jama'a ranar Juma'a, in dawo in lashe?"

"Girman kai rawanin tsiya," in ji Yisa. "Naka har ya fi na sarkin kasuwa tsawo."

Ndanusa ya tashi ya tafi gida. Ya dai koma cin tuwon Jummai, yana ci yana kallon kwanon. Wata na ta raguwa. Liyatu ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma aiko kowa ba. Ta je Garatu ta duba wani ɗaki a bayan gidan surukinta, inda ake ajiye doya, ba ƙofa ba taga. Ta dawo ta fara ɗaure tukwane a buhu. Ta sa aka kwance gadon ƙarfen da ita da John suka saya, aka jingina shi a bango. Ta sauke hotunan da ke jikin bango, wurinsu ya bar fari-fari. Duk wannan Ndanusa na gani daga kujerarsa, yana jan carbi da ƙarfi kamar carbin ne ya yi masa laifi.

Ana saura kaɗan wata ya tsaya, Yisa ya gan shi a rumfa da sassafe yana auna shinkafa cikin leda-leda, ba mai arha ba, yana ƙullewa da kansa. Ya bi gidajen gwagware da marasa lafiya na bayan kasuwa ya raba. Da Yisa ya tambaye shi, ya ce sadakar Rahmatu ce. Yisa ya ƙirga ledojin da ido, goma cif, ya yi shiru abinsa, wanda ba halinsa ba ne.

Da yamma Ndanusa ya tsaya a ƙofar Liyatu. Tana zaune a kan buhun kaya, ɗakin ya zama fili.

"Maman Testimony."

"Baba Nda. Jibi motar kwasar kaya za ta zo."

Ya ɗaga kai ya dubi rufi. "Na duba kwanon ɗakin nan. Yana yoyo. In na zuba hatsi zai ruɓe."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun John na da rai nake gaya maka."

"To. Ba zai yi hatsi ba. Ki kwance kayanki."

Ta dube shi. "Rantsuwar fa?"

"Wannan tsakanina da Ubangijina ne."

"Sunana fa? Shi tsakanin wa da wa ne? Yara sun daina zuwa karatu. A gaban jama'a ka faɗa."

Ndanusa ya murza sandarsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma gwiwar wasu ba ta lanƙwasuwa sai da ƙara. "Ranar Juma'a zan yi magana," in ji shi. "Amma karatun nan, a riƙa barin ƙofa a buɗe."

"Zan zauna, Baba Nda, don ba ni da inda ya fi nan. Ba don zuciyata ta huce ba. Ƙofa kuwa tawa ce muddin ina biyan haya. In na ga dama in buɗe."

Ya sake duban rufin. Ya ce zai turo mai gyaran kwano.

Ranar Juma'a ya tashi bayan sallah ya ce matar da ke gidansa malama ce, ba abin da take yi sai karatu, wanda ya ji wani abu daban daga bakinsa ya zubar. Gajeriyar magana ce, ya yi ta yana kallon ƙasa. Yara suka dawo karatu, ba duka ba. Aka ɗaura gado, aka mai da hotuna. Jummai ta tafi Kubwa bayan Sallah.

Liyatu tana nan a ɗakinta har yau. Suna gaisawa da safe, ta tambayi gwiwarsa, ya tambayi jikokinta. Sai dai a da, in za ta coci ko Garatu, a hannun Ndanusa take barin makullinta. Yanzu sai ta sa kwaɗo biyu, ta ja su ta tabbatar, ta jefa makullan a jaka, sannan ta yi masa sai na dawo.